Rasuwar Lalla Mai Ido Ɗaya da Tsallen Haddu na Ƙarshe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta yi shiru, ni Lahsan Ait Basu, tsohon malamin lissafi a nan Azru, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a gabanta yana gyara hula, cewa kyamarata, wadda kuka sani da Lalla Mai Ido Ɗaya, ta riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa a gindin Dutsen Hebri, ranar sha uku ga watan Rajab, dab da kiran sallar magariba, tana tsaye a kan ƙafafunta uku, tana bakin aiki. Jibi za ta cika kwana arba'in. Na san an saba fitar da irin wannan takarda tun kafin a ɗauki gawa. Dalilin jinkirin yana ƙasa, kuma ba dalili ne mai kyau ba.

An haifi marigayiya a wata ƙasar Turai wadda ita ma tuni ta rasu, ba ka samun sunanta a taswirar yanzu. Yadda ta ƙetaro teku ban sani ba. Na same ta a kasuwar tsofaffin kaya ta Meknas shekara talatin da ɗaya da suka wuce, tana zaune tsakanin dutsen guga da wani rediyon da ya daina magana. Baƙa ce, mai nauyi, ba ta taɓa neman batir ba. Fim kawai take ci, shi ma a tsanake. Ba ta da surutu. Idan na ja hannunta don fim ya matsa gaba sai ta ce "kirrr", idan na danna sai ta ce "ƙwas". Duk tsawon zamanmu ban ji ta ƙara ko kalma ɗaya a kan waɗannan biyun ba, sai a ranar ƙarshe.

Ni ba mai hoto ba ne na sana'a, ban taɓa ɗaukar biki ko fasfo ba. Mu 'yan hunturu ne, ni da ita. Da bazara tana kwance a jaka. Da zarar dusar ƙanƙara ta sauka a dajin itatuwan al'ul, sai mu fita. Ita ta koya mini cewa ƙanƙara maƙaryaciya ce: farinta yana ruɗin ma'aunin haske, idan ka biye masa hoto ya fito ruwan toka, dole ka buɗe ido fiye da yadda hankalinka ya ba ka. Ita ta koya mini cewa wata dutse ne kawai da rana take haskawa, ana ɗaukarsa yadda ake ɗaukar katanga da tsakar rana, wanda ya tausaya masa ya ƙara masa haske sai ya samu farin tabo ba fuska. Game da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara kuwa, darasinta ɗaya ne, ka danna kafin abin ya faru, don in ka jira ya faru ya riga ya wuce.

Tana da wata ɗabi'a da nake roƙon mai karatu ya riƙe. A cikinta akwai ɗan madubi, shi yake nuna wa mai leƙe abin da ke gabanta. A daidai lokacin da take ɗaukar hoto madubin yakan ɗaga, kafar leƙen ta yi baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, sannan haske ya dawo. Wato abin da ta ɗauka, ni ba na ganinsa. Abin da na gani da idona kuwa, ita ba ta ɗauka ba.

Aibinta guda ne, ba ta son a fito da ita daga sanyi a kai ta ɗumi kai tsaye. Sai ta yi gumi ciki da waje, kamar kofin ruwan sanyi da rani. Saboda haka duk ranar da muka dawo daga dutse, sai ta yi awa biyu a zaure, a rufe cikin jakarta, a kan kantar takalma, kafin ta shiga ɗakin da murhu yake. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa karya wannan doka ba. Maƙwabta sun sha cewa na fi ladabi ga ƙarfe a kan mutane, ban kuma taɓa musa musu ba.

Akwai mutum ɗaya a garin nan da ya kamata ya fara jin labarin rasuwar, kuma shi kaɗai na ɓoye wa da gangan. Shi ne Haddu u Akka, mai gidan shayin da ke bakin tashar mota, abokina tun muna saka gajeren wando. Haddu bai iya karatu ba, katakan zamiya ne suka raba shi da makaranta tun yana aji biyu, don haka wani ne zai karanta masa wannan takarda. Yau kwana talatin da takwas yana jiran wani hoto. Hoton babu shi.

Asalin maganar hunturu ashirin da bakwai ke nan. A lokacin Haddu yana koya wa 'ya'yan masu hali na Fas zamiya a Hebri, kuma babu mai tsallensa daga nan har Ifran. Wani yammaci ya tashi sama daga kan ƙaramin tudun da ke gabas da gangaren, wata kuma yana ɓullowa a can gefe. Na ce masa da ya matsa kaɗan da ya shiga cikin watan. Ya dube ni, ya dubi Lalla da ke rataye a wuyana.

"To, Ustaz, sa ni a ciki mana. Ka sa ni a cikin watan nan, sai in yarda wannan baƙin ƙarfen naka yana da amfani. In ka kasa, ka kawo ta shago mu riƙa fasa dunƙulen sukari da ita, ai nauyinta ya isa."

Muka tafa a kan haka.

Abu huɗu ne dole su haɗu. A samu ƙanƙara a tudun, a samu sararin sama garau, ya zama sha uku ga wata, lokacin da yake fitowa da sauran hasken rana a ƙasa, sannan Haddu ya tashi a daidai wurin. Ni ina tsayawa taku ɗari uku a ƙasa, ta yamma, da dogon gilashin da ke jawo nesa kusa, domin daga nan ne girman mutum yake shiga cikin faifan wata. Watan ba ya wuce minti biyu a bakin tudun. Murya ba ta kaiwa, don haka ina da jan ƙyalle. In na ɗaga, Haddu ya gangaro. Idan ya sauka ya zamo wurina yana haki, tambayarsa ɗaya ce kullum:

"Ka gan ni, Ustaz?"

"Ban gan ka ba."

"Madalla. Makauniyar ta yi aiki."

Domin shi ma ya san ɗabi'ar madubin. In ban gan shi a sama ba, to ta ƙifta a kan lokaci.

Ta ƙifta sau da yawa, sai dai hoton bai taɓa cika ba. Akwai shekarar da gajimare ya shigo ana saura minti ɗaya. Akwai shekarar da aka samu ƙafafunsa kawai a cikin watan, kai yana waje. Akwai wadda ya faɗi tun kafin tudun, wata ya fito shi kaɗai, kyakkyawa, ba kowa a ciki. Wata shekarar biri ya sauko daga daji ya tafi da jan ƙyallen, na tsaya ina ɗaga hula, Haddu yana can sama yana zaton gaisuwa nake yi. Daga baya kuma ƙanƙarar kanta ta fara yi mana rowa, hunturu huɗu a jere watan yana fitowa a kan baƙar ƙasa da ciyawa. Duk hotunan suna cikin wani kundi da Haddu ya raɗa wa suna "Saura Kaɗan".

Shekara uku da suka wuce gwiwarsa ta hagu ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce a jingine zamiya. Matarsa Itto ba ta tsaya jayayya ba, ta kwashe katakan ta kai gidan yayanta a Timahdit. Bana, da ƙanƙara ta kwana uku tana zuba irin wadda muka manta, Haddu ya dami Itto har ta aiko a kira ni. Na same ta tana murza kuskus, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Si Lahsan, kai ne mai ilimi a cikinku. Shi wannan tsohon, shekara sittin da huɗu, kansa ƙanƙara ce zalla. Gaya mini gaskiya. In na bar shi ya yi tsallen nan sau ɗaya, hoton zai fito, mu huta?"

"Zai fito, Lalla Itto."

"Ba insha Allahu na tambaye ka ba. Kai na tambaya."

"Zai fito."

Washegari katakan suka dawo gida.

Ga yadda ciwon ajalin marigayiya ya fara. Ranar sha uku ga wata muka tashi bayan azahar a tsohuwar motata. Sama garau, ba ko ɗigon gajimare. A mararrabar dutse muka tarar an rufe hanya, ana jiran motar share ƙanƙara ta gama. Akwai wani gidan makiyaya a gefen titi, na wata dattijuwa Lalla Yamna, ta leƙo ta ce ba za mu daskare a ƙofarta ba, mu shigo. Na bar dogon gilashin a mota. Jakar kyamarar kuwa na ajiye ta a waje a kan tarin itace, ƙarƙashin rumfa, yadda doka ta ce. Muka shiga, aka kawo bisara, wato faten wake, da man zaitun da burodi mai zafi, Haddu ya buɗe bakin labari, na manta da duniya kusan awa guda.

Da na juya neman ruwan wanke hannu sai na ga kyamarata. Tana zaune a kan fatar rago a gindin murhu, tsirara, ba jaka, gefenta wani ɗan tunkiya da aka haifa da asuba, a samansu buta tana ta huci. Jakar an rataye ta a ƙusa tana bushewa. Ruwa yana gangara a jikin Lalla kamar wadda ta yi gudu.

"Ɗana," in ji Lalla Yamna, "a gidan nan ba a barin kayan baƙo a waje, sai ka ce mun kore shi. Da na taɓa ta, sanyi ƙalau, har cikin ƙashina na ji. Dubi yanzu, ta ɗan farfaɗo."

Na yi mata godiya. Ina so a rubuta a sani cewa ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra. Abin da take yi wa 'ya'yan tumakinta ta yi wa kyamarata, kuma ban san wata karramawa da ta fi wannan ba a wannan dutsen.

Laifin daga nan ya fara, kuma nawa ne. Na san maganin, a bar ta a ɗumin ta kwana ta bushe sarai. Na kuma san abin da zai faru in aka mayar da ita sanyi da ruwa a cikinta. Amma a daidai lokacin aka buɗe hanya, Haddu yana waje yana danna mini ham. Na goge ta da gefen jallabiyata, na sa a jaka. A mota yana shafa man zafi a gwiwa yana waƙa, ya ce, "Yau ka yi shiru, Ustaz, ko bisarar ce ta kama ka?" Na ce bisarar ce.

Na kafa ta a wurinmu na kullum, ta yi awa guda a tsaye tana shan iskar dutse. Na ga farin ƙanƙara siriri ya fito a gefen hannunta. Yatsana yana kan madanni. Da na danna sau ɗaya don gwaji, da na ji muryarta, asarar hoto ɗaya ce kawai cikin talatin da shida. Ban danna ba. Tsoron amsarta na ji. In ta yi shiru, dole in hau taku ɗari uku in ce wa Haddu sai baɗi, alhali ni da shi da Itto duk mun san babu baɗi. Na tsaya ina gaya wa kaina cewa ƙarfen da ya yi shekara talatin da ɗaya bai ba ni kunya ba, ba yau zai fara ba.

Wata ya taɓo bakin tudun. Na ɗaga jan ƙyalle da hannuna.

Haddu ya gangaro, ya tashi, na danna. Lalla ta ce "tik", a hankali, kamar an ajiye cokali a kan tire. Kafar leƙen ba ta yi baƙi ba. Na fizgi hannunta da ƙarfi don in sake, wani abu ya ce "ƙyat" a cikinta, hannun ya tafi sakaka. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Haddu bai zamo wurina ba. Na hau na same shi kwance a bayan tudun, ƙafar hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, gemunsa duk ƙanƙara, yana dariya ta cikin haƙora.

"Ka gan ni, Ustaz?"

"Ban gan ka ba."

"Madalla," in ji shi. Ya rufe ido. "To a kira masu ɗauka."

Masu ba da hayar katakai suka sauko da shi a bargo. An sa masa ƙarafa uku a gwiwa. Yanzu da sanda biyu yake tafiya, kuma likita ya ce ko matakalar gidansa sai da lissafi.

Marigayiya kuwa na kai ta Meknas wurin Si Bushta mai gyaran agogo da kyamara, wanda ya san cikinta fiye da ni. Ya buɗe, ya sa gilashi a ido, ya leƙa ko'ina. Sannan ya ce ruwa ya daskare ya riƙe madubin da labulen da ke buɗe wa fim haske, ni kuma da na fizga na yage labulen na tsinke wayar da ke jansa, ga tsatsa ta riga ta kama. "Kayanta sun ƙare a duniya, Si Lahsan. Wanda ya ƙera ta ma ya mutu, ƙasarsu ta mutu. Ka yi haƙuri." Ya wanke fim ɗin duk da haka. Ya fito fari fat daga farko har ƙarshe.

Tun daga ranar nake zuwa gidan shayi kullum da la'asar, in zauna a kujerata. Na ce wa Haddu na aika fim ɗin Kasablanka, don hoto irin wannan ba a ba wa kowa. Ya sa kafinta ya yi masa firam na itacen al'ul, ya sauke agogon bango ya rataye firam ɗin a wurin, ba komai a ciki. Duk direban da ya shigo sai ya nuna masa da sanda. "Nan zan zauna, ni da wata. Ƙafa ɗaya na biya, kuma wallahi ta yi araha." Itto ta fara kallona ta gefen ido. Shekaranjiya ta ajiye mini shayi ta ce, "Si Lahsan, hoton nan a Kasablanka ake wanke shi, ko rafi aka kai shi da sabulu?" Na yi dariya tare da kowa.

Masu tambayar yadda nake, lafiya lau nake. Ina ci, ina barci, ina zuwa masallaci. Ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo, bai zo ba, kunyar ma da nake tsammanin za ta hana ni fita sai ta zauna wuri guda kamar dutse a aljihu. In na shigo gida har yanzu ina tsayawa a zaure in miƙa hannu kan kantar takalma, sannan in tuna ba abin ajiyewa.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙafafunta uku, ɗaya tana ɗingishi tun shekarar biri. Ta bar dogon gilashi, lafiyarsa ƙalau, ba shi da wanda zai leƙa ta cikinsa. Ta bar jakar fata, da ma'aunin haske wanda bai taɓa faɗin gaskiya a kan ƙanƙara ba, da ƙunshin fim huɗu a firji kusa da man shanu, da jan ƙyalle na biyu, da kundin "Saura Kaɗan". Ta bar ni.

Limamin unguwarmu ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na kuma yarda da shi. Saboda haka jana'iza za ta kasance kamar haka. Jibi Alhamis bayan sallar la'asar zan ɗauko ta daga gidana a ƙafa, ba jaka, in kawo ta gidan shayin Haddu. Ba sai ta jira a zaure ba, ɗumi ba zai ƙara yi mata komai ba. Za a kwantar da ita a kan kantar shagon, ƙarƙashin firam ɗin. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da dunƙulen sukarin da aka saba kai wa gidan makoki, ni zan kawo guda ɗaya. Alkawari ne na hunturu ashirin da bakwai, na kasa, ga ta nan, ya fasa da ita. In ya ga dama ya fasa a kaina, ba zan kauce ba. Lalla Itto tana da damar faɗin duk abin da ke bakinta a gaban jama'a, zan tsaya har ta gama.

Roƙona na ƙarshe ga wanda zai karanta wa Haddu wannan takarda. Ka bari ya zauna, ka karɓi sandunan ka jingine. Kada ka tsallake komai don tausayi. In ka iso nan ka rage sauri.

Haddu, watan ya fito ja-ja-ja, ya zauna a bakin tudun kamar an auna. Ka shigo ta hagu. Katakanka biyu a haɗe, ba ko tazarar yatsa, hannayenka a baya, hular jallabiyarka ta tashi. Kanka yana ciki, ƙafafunka suna ciki, har ƙurar ƙanƙarar da ta biyo ka tana ciki. Ka tsaya a tsakiyarsa daidai, ba saura kaɗan. Babu takardar da za ta nuna maka wannan, kuma ni na jawo. Ka tambaye ni a kan dutse na yi maka ƙarya, ga amsar yanzu.

Na gan ka.

Lahsan Ait Basu, Azru, a madadin iyalan marigayiya.